Telan da Ya Koma Ɗinkin Ƙarfe

Babanmu tela ne, kuma duk halin da aka san teloli da shi, shi kaso biyu ya ɗauka. Shekara arba'in da wani abu yana zaune a ɗan shagonsa na bakin titi, tef rataye a wuya, alli a bayan kunne, yana ce wa mutane su dawo jibi. Ban taɓa jin wanda ya dawo a jibin farko ya tafi da kayansa ba. Sai dai kuma ban taɓa jin wanda ya sa rigar da Baba ya ɗinka ya koma wajen wani telan ba. Su tafi suna mita a hanya, bayan wata biyu ka gan su da sabon yadi a hammata.

Abin tinƙahonsa idonsa ne. Cewa yake tef na masu koyo ne, shi yana rataya nasa ne kawai don kada baƙo ya ɗauka maɓallai yake sayarwa. Kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka da inda tumbinka ya dosa nan da baɗi. Kayan Innarmu kuwa tun da aka ɗaura musu aure shi yake ɗinka mata, bai taɓa kai tef jikinta ba. In aka yi magana sai ya buga yatsa a goshi ya ce, "Awonta na nan." Inna ta ce ai da ranar gama ɗinkin ma na nan wurin, da an huta.

Da ido ya fara gardama da kafar allura sai ya rufe shagon ya dawo gida, mu kuma muka shiga uku. Mutumin da hannunsa bai saba zama ba, sai ya sa bayan gida a gaba. Bayan gidanmu ba wani faɗi gare shi ba: daɓen siminti ne, ga tankin ruwa a gefe, igiyar shanya, bishiyar lemun tsami da Inna ta dasa, sai banɗaki can ƙarshe. Kafin shekara ta zagayo wurin ya cika da ayyukan Baba. Akwai akurkin kaji da ba a sa masa ƙofa ba, akwai benci mai ƙafa uku da bulo ke riƙe da ta huɗun, akwai wani abu na katako da har yau ba mu san me aka nufa da shi ba. Kowanne in ka tambaya, jibi za a ƙarasa.

Ana haka Inna ta zame a gefen tanki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, ta daɗe a asibiti, ta dawo gida tana tafiya da dafa bango. A cikin ɗaki tana iya lallaɓawa, daga gado ta kama kujera, daga kujera ta kama ƙyaure. Matsalar daga ƙofar baya zuwa banɗaki ce, domin fili ne fetal, babu abin dafawa. Sandar dogarawa ta taɓa gocewa da ita sau ɗaya, tun ranar ta ce ko kallonta ba ta son yi. Dole sai an riƙe ta. Ni ce auta, kuma ni ce kusa, sai in biyo da safe kafin in wuce aiki, in dawo da yamma. Tsakanin nan Baba ne, da bayansa mai ciwo. Wanda bai san Inna ba ba zai gane yadda wannan abu ya ci mata rai ba. Matar da ko tsintsiya ba ta yarda a miƙo mata, yau ga ta tana jiran a raka ta banɗaki. Har ruwa ta rage sha don kada ta yawaita kira.

Yayanmu, babban ɗansu, yana can wani gari mai nisa da iyalinsa. Mutum ne mai son iyayensa, amma irin son nan da ba ya tsayawa shawara. Ya bugo waya ya ce ya gama tunani, ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauki Inna. Yana da ɗaki mai banɗaki a ciki, matarsa na gida kullum. Baba kuma, tunda ya rantse ba zai bar gidansa ba, sai ni in riƙa leƙa shi. A gaskiya maganarsa ba ta da aibu, shi ya sa ta fi zafi. Mutum biyun nan tun kafin a haife mu ba su taɓa yin wata guda ba sa ganin juna ba. Kullum cikin faɗa suke a kan fanka da gishiri da wanda ya bar ƙofa buɗe, kuma na san in aka raba su, ɗaya bayan ɗaya za su dushe. Inna ta ji saƙon ta juya fuska bango. Baba ya ce, "To." Na san wannan to ɗin, irin wanda yake yi wa mai yadi ne in ya kawo salon ɗinkin da shi bai yarda da shi ba.

Bayan kwana kaɗan na zo da yamma na tarar da zaure a toshe. A ƙarshen layinmu akwai wani tsohon gida da aka sayar, sabon mai shi ya tumɓuke shingen ƙarfen da ya zagaye shi zai ja katangar bulo. Shinge ne na da, baƙi, mai nauyin tsiya, an lanƙwasa masa ado kamar ƙahon rago, kowace sanda da tsini a kanta irin na mashi. Mutumin ya ce duk mai iya kwashewa ya kwashe. Baba ya samo masu kura suka jido masa, suka jingine a zaure, suka ɓalle mana fentin bango gaba ɗaya.

"Malam, gidan yari za ka buɗe?" in ji Inna daga ɗaki.

"Shingen kaji ne."

"Kajin da ba mu da su?"

"Ai sai an yi shinge ake sayen kaji, Innar yara."

Sai da ya ja ni bayan tanki ya rage murya ya faɗa mini gaskiya. Abin dafawa zai yi mata, dogo, daga ƙofar baya har banɗaki, ya ɗan karkata ya bi ta gindin lemun tsaminta. In tana iya zuwa da kanta ta dawo da kanta, da me Yaya zai kafa hujja? Ya ce kada in kuskura ta ji, don in ta san dominta ake yi za ta ce ita ba gurguwa ba ce, ta ƙi taɓawa. Na kalli ƙarafan, na kalli bencin nan mai ƙafa uku, na ce, "Baba, ka taɓa yin walda kuwa?" Ya ce, "Mene ne walda? Ɗinki ne. Ka haɗa baki biyu ka bi su da zare. Wannan zaren nasa wuta ce kawai."

Yana da wani tsohon aboki mai walda da suka yi maƙwabtakar shago, wanda ƙarar aiki ta cinye masa rabin kunne, in yana maka raɗa ana ji a layi na gaba. Shi ya ara masa ƙaramin inji da injin yankan ƙarfe da baƙin gilashin rufe fuska. Ya zo ya duba shingen, ya ƙwanƙwasa, ya ce ƙarfe ne mai kyau amma tsoho ne, yana tofi in ya ji wuta, sai an kankare tsatsar tas kafin ya kama. Ya nuna masa yadda ake kunna tsinken walda kamar ƙyasta ashana. Ya ce abu ɗaya, kada ya kalli wutar da ido tsirara. Baba na ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani. Da mutumin ya ce ko ya zauna su yi tare, sai Baba ya ce a'a, ya gode. Abokin ya ɗaga murya, a ganinsa a hankali yake magana, ya ce, "Wallahi za ka ƙone gidan nan!" Inna ta amsa daga ciki, "Faɗa masa dai."

Ranar farko tsinken ya riƙa mannewa jikin ƙarfe, Baba na fizga yana yi masa faɗa kamar yaron shago. Ya ce gilashin nan ba a ganin komai a cikinsa, ta yaya mutum zai yi ɗinki a duhu? Sai ya riƙa leƙowa ta gefe. Washegari na same shi kwance a tabarma, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a ido, hawaye na bin kunnuwansa, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Inna na gefe a kujera tana yi masa fifita, bakinta bai huta ba. Ta ce idon da ya rage ɗin ma ya ga ya yi masa yawa. Ta ce yanzu sai a samo wanda zai riƙa raka su su biyun. Tana faɗa tana sake jiƙa tsumman, tana gwada sanyinsa a bayan hannunta kafin ta mayar.

Da ya warke ya koma, wannan karon da gilashi ƙam a fuska. Duk lokacin da ya kunna injin, ƙwan lantarkin maƙwabta sai ya yi ja. Mai askin da bangonsa ke manne da namu ya zo har sau biyu yana roƙo, wai injin askinsa na tsayawa a tsakiyar kan mutane. Baba ya ce masa ya yi haƙuri, jibi zai gama. Mai askin ya ce, "Baba Tela, ni fa ka taɓa yi wa ɗinki." Suka daidaita a kan Baba zai riƙa walda da hantsi, lokacin da babu masu aski sosai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da gaske ɗinki yake yi. Ya shimfiɗa shingen a ƙasa kamar yadi, ya zaro alli daga bayan kunne ya ja layi. Ya yanke tsinin masun nan ɗaya bayan ɗaya ya tara su a bokiti, ya goge wurin har sai da ya bi da tafin hannu bai ji kaifi ba. Ba ya haɗa ƙarfe gaba ɗaya sai ya fara ɗan kama shi nan da can, ya ja baya ya karkata kai ya duba, kamar yadda yake yi wa riga kafin ya hau keken ɗinki. Waldarsa ta farko ƙuraje ce zalla, kamar kashin kaji a kan ƙarfe. Ya sa guduma ya farfasa ya sake. A hankali layin ya fara miƙewa. Adon nan mai lanƙwasa bai yar ba, ya ce wannan shi ne aikin wuya, riga ba ta tafiya babu shi. Singiletinsa duk ta zama rariya saboda tartsatsi, hannuwansa sun yi tabo. Mutumin da a da in allura ta soke shi sai duk gida an ji, yanzu ya ƙone ya yi shiru don kada Inna ta ce a mayar da injin.

Ranar da zai haƙa ramukan kafa ginshiƙai ina nan. Na ga ya tsaya ya miƙa hannu a iska, ya ɗan sauke, ya ja alli a jikin ƙarfe.

"Baba, ba za ka auna ta ba? Ko da wayo ne, in je in gwada tsayin hannunta a jikin ƙyaure."

Ya ɗago gilashin ya kalle ni kamar na zage shi a gaban surukai. "Ni zan auna Innarku? Tun ba a san za a haife ki ba nake yanka mata yadi. Daga ƙasa zuwa ƙugunta, daga ƙugu zuwa gwiwar hannu, ko barci nake a tashe ni zan faɗa." Ina da baki, amma ban da ƙarfin musu da tela a kan awo.

Aka kafa, aka zuba siminti, ya bushe. Baba ya shafa wa ƙarfen koren fenti, wai launin da take so. Ban yi zaton zan ga ranar ba, amma ga shi, abu na farko da Baba ya gama a rayuwarsa kafin mai shi ya zo karɓa. Abin dafawar ya miƙe daga bakin ƙofa, ya ɗan rausaya ta gindin lemun tsami, ya tsaya daidai ƙofar banɗaki. Saura kwana kaɗan Yaya ya iso.

Da hantsi muka fito da ita, ni a dama shi a hagu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo. "Kajin naka dogaye ne," ta ce. Tun tuni ta gane, ta taga take kallon komai. Ta saki hannuna ta miƙa nata. Sai da ta ɗaga kafaɗa kafin ta kai. Ƙarfen da ya kamata ya tsaya mata a ƙugu, yana nan kusa da ƙirjinta. Ta kama, ta gwada jingina nauyinta, babu hali, hannun ya yi sama da yawa, kamar mai leƙen katanga. Ta yi taku ɗaya ta tsaya.

Awon da ke kan Baba daidai yake, ban yi shakka ba. Awon matar da ya aura ne, doguwa, mai tafiya kamar an sa mata sanda a baya. Shekaru sun bi ta sun rage, karayar ta zo ta ranƙwafar da sauran. Mu duk mun gani. Shi kaɗai ne kullum yana kallonta bai gani ba. Na dubi fuskarsa na ji tausayinsa ya kama ni, don a gabana ya gane, kuma na ga lokacin da abin ya shige shi.

Ya juya ya shiga ɗaki. Na ɗauka zuciya ya yi. Sai ga shi ya fito da tsohon tef ɗinsa, wanda lambobinsa suka fara gogewa. Ya durƙusa a gabanta da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. "Tsaya yadda kike tsayawa," ya ce, "kada ki miƙe don ni." Ya sa bakin tef a ƙasa, ya ja zuwa inda hannunta ya sauka da kansa, ya kawo ido kusa ya daɗe yana karantawa.

"Nawa na ragu, Malam?"

"Ba ki ragu ba. Tef ɗin ne ya saki, ya tsufa."

"Maƙaryacin tela," in ji Inna, a hankali. Ta ɗora hannu a kan hularsa, wai tana dafawa ne kada ta faɗi. Ni kuwa sai na tafi duba ko tanki ya cika.

Ginshiƙan sun riga sun kama cikin siminti, babu zancen rage musu tsawo. Na ce a yanke ƙarfen saman da ake dafawa a sauko da shi. Baba ya ce lokaci babu, gara ya ɗinka wani layin a ƙasa da shi, daga baya ya cire na saman. Akwai ragowar shinge a zaure. Ya koma yanka da gogewa, mai aski ya leƙo ta katanga zai yi magana, ya ga fuskar Baba, ya koma kan askinsa. Wannan karon kowane ƙarfe sai ya kai tef. Inna ta sa aka fito mata da kujera bakin ƙofa, ta juya wa wutar baya, tana ba da umarni ta kan kafaɗa: kada ya bar kaifi, kada ya sa fenti mai yawa ya ɓata mata hannu. Da ya ɗauko injin yanka zai cire na saman, ta ce, "Bar shi nan. Wa ya ce maka kai ba ka tsufa?" Ya ce shi lafiyarsa lau. Ta ce ta ji, a bar shi dai.

Yaya ya iso da azahar, ya shimfiɗa katifa a bayan mota, ya zo da filo har biyu. Ya gaishe su, ya sha ruwa, ya fara bayanin hanya da inda za a tsaya a huta. Inna ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce a ba ta wuri. Ta kama kujera, ta kama ƙyaure, ta fita ƙofar baya. Yaya ya zabura zai riƙe ta, na jawo rigarsa. Ta damƙi koren ƙarfen nan, na ƙasan, ta fara tafiya, a hankali ƙwarai, tana jan ƙafar da ta karye. A gindin lemun tsami ta tsaya ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina, ta ce an bar mata bishiya da ƙishirwa. Ta wuce ta shiga banɗaki ta ja ƙofa ta sa sakata. Ƙarar sakatar nan, ban san ranar da zan manta ta ba.

Yaya ya tsaya yana kallon ƙarfen, ya girgiza shi da ƙarfi bai motsa ba. Ya bi layin waldar da yatsa. "Wa ya yi wannan?" Baba ya ce wani tela ne. Yaya ya ce ai da damina wurin zai yi santsi, ya ce in ta sake faɗuwa fa, ya ce shi don ita yake yi. Duk gaskiya ne, kuma muryarsa na raguwa yana faɗa.

Inna ta fito. Ta dubi ɗanta daga can ƙarshen fili ta ce, "Na gode, ɗan albarka, Allah ya ba ka masu yi maka. Amma ka ga mutumin nan? Ya koyi wasa da wuta da tsufansa. In na bi ka, wa zai tsare gidan?"

Ta kamo hanyar dawowa. Baba ya je ya tarye ta, ya biyo bayanta yana cewa ta bi a hankali, ita kuma tana cewa ya daina hura mata iska a wuya. Hannunta na kan layin ƙasa. Nasa na kan na sama, kuma na lura ba ɗorawa kawai ya yi ba, da gaske ya jingina. Yaya ma ya gani. Ya daɗe a tsaye da makullin mota a hannu, sannan ya ce mini in zo in taya shi sauke katifar, a shigar da ita ciki, ta fi wadda suke kwana a kai laushi.